Gishiri, Tsatsa da Ƙashin Bayan Akori-Kura: Tarihin Wata Doguwar Rigima a Amurka

Gabatarwa

Idan aka tambayi direba me ke kashe mota, amsar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce inji. Inji ya buga, mota ta kwanta. Amma a arewacin Amurka da Kanada labarin daban yake. A can za ka tarar da akori-kura wadda injinta ke tashi da murɗa makulli sau ɗaya, giyarta lafiya lau, kujerunta ko yagewa ba su yi ba, amma an ja ta zuwa wajen 'yan gwangwan saboda ƙarfen da ke ɗauke da ita ya zama gari. Wato daga ƙasa mutuwar ta zo mata, inda idon mai ita bai cika kaiwa ba.

Ƙarfen da muke magana a kai shi ne wanda makanikai ke kira casis, wasu kuma su ce firam. Dogayen ƙarafa ne guda biyu da suka taso daga gaban mota har bayanta, an haɗa su da wasu gajeru a gicciye, kamar an kwantar da tsani a ƙasa. A kansa inji ke zama, da giya, da tankin mai, da sifirin, da kan mota inda direba ke zama, da bodin baya inda ake loda kaya. Shi ne ƙashin bayan motar. Wannan rubutu zai bi tarihin yadda aka soma ƙera shi, da yadda gishiri ya zama babban abokin gabansa, da rigimar da ta ci kamfanin Toyota biliyoyin daloli, sannan da dabarun da masu walda suka koya wajen ceto tsohuwar mota.

Daga keken doki zuwa masana'antar Milwaukee

Motocin farko gadon keken doki suka ci. Maƙerin keken doki yakan haɗa gindin katako mai ɗauke da ƙafafu, sannan ya ɗora mazauni a bisa. Haka masu ƙera mota suka yi a ƙarshen ƙarni na 19, har ma kamfanin Franklin na jihar New York ya ci gaba da yin casis na katako zuwa kusan ƙarshen shekarun 1920. Wanda ya sauya al'amarin shi ne Arthur O. Smith na birnin Milwaukee, wanda a 1899 ya soma gwada lanƙwasa faranten ƙarfe da injin matsa, ya fitar da doguwar kwarya mai baki a buɗe, mara nauyi amma mai ƙarfi. A 1906 Henry Ford ya ba shi odar casis 10,000 a lokaci guda. A 1921 kuwa ɗansa, Lloyd Smith, ya buɗe masana'antar da injuna ke yin kusan dukkan aikin, tana fitar da casis ɗaya cikin daƙiƙa takwas, wato kimanin 10,000 a yini. Masana'antar ta yi aiki har 1958.

Abin lura a nan, mai karatu, shi ne a wancan zamani casis shi ne motar. Lokacin da Ford ya fitar da motar kaya samfurin Model TT a 1917, kan dala 600, casis da inji da tayoyi kawai ake ba mai saye. Shi zai je wajen kafinta a yi masa bodin da ya dace da sana'arsa: manomi ya yi na ɗaukar hatsi, mai madara ya yi na garwaye. Sai a 1925 Ford ya fara sayar da akori-kura cikakkiya daga masana'anta, kan dala 281.

Daga baya ƙananan motoci suka bar wannan tsari. Kamfanin Lancia na Italiya a 1922, da Citroën na Faransa a 1934, suka nuna cewa ana iya haɗe bodi da casis su zama abu guda, a rage nauyi da shan mai. Sannu a hankali duniya ta bi su. Amma akori-kura ta tsaya a kan tsohon tsaninta har yau, in ban da 'yan tsiraru. Dalili kuwa shi ne motar da za ta ɗauki buhuna, ta ja tirela, ta bi hanyar gona, tana bukatar gindin da zai ɗan murɗe ya dawo ba tare da bodi ya tsage ba. Kuma da yake kowane ɓangare da noti aka ɗaure shi, ana iya kwance wanda ya lalace a sa wani. Wannan ne ya sa akori-kura ta yi suna da tsawon rai. Sai dai duk wannan lissafi ya dogara ne a kan zaton cewa shi casis ɗin ba zai mutu ba.

Ranar da aka fara zuba gishiri a titi

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, idan dusar ƙanƙara ta rufe titi a Amurka, sai a ture ta gefe, a watsa yashi ko tokar gawayi, direbobi kuma su ɗaura wa tayoyinsu sarƙa. Wanda ba shi da dalili mai ƙarfi sai ya zauna gida. A 1938 jihar New Hampshire ta gwada watsa gishiri, domin ruwa zalla yana daskarewa a ma'aunin sifili, amma ruwan gishiri yakan iya jurewa har zuwa kusan digiri 21 ƙasa da sifili. A hunturun 1941 zuwa 1942 jihar ta mayar da abin ƙa'ida. A wannan hunturu, gishirin da aka zuba a titunan Amurka baki ɗaya bai wuce tan 5,000 ba.

Bayan yaƙi motoci suka yawaita, mutane suka koma zama a bayan gari suna shigowa aiki kullum. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan titunan da suka haɗa jihohi. Jama'a suka fara ganin haƙƙinsu ne su tarar da baƙar kwalta tas ko da an kwana ana zubar ƙanƙara. Gishirin titi ya kai tan miliyan ɗaya a 1955, ya doshi miliyan 10 kafin 1970, a shekarun baya-bayan nan kuwa yana kaiwa wajen miliyan 20 a shekara. Wani abin mamaki, birnin Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka, a kan ma'adinin gishiri yake zaune. Akwai mahaƙa a ƙarƙashinsa mai zurfin sama da ƙafa 1,000, kuma gishirin titi ake haƙowa. Ana ƙera mota a sama, ana tono ajalinta a ƙasa.

Ba za a ce hukumomi sun yi wauta ba, domin gishiri ya rage haɗurra, ya ceci rayuka, ya hana kasuwanci tsayawa. Amma kuɗin ɓarnar da yake yi ba ya fitowa daga aljihun hukumar da ta watsa shi. Mai mota ne zai biya, bayan shekara takwas ko goma, a gareji.

Yadda tsatsa ke aikinta

Tsatsa ba ta bukatar komai sai abu uku: ƙarfe, ruwa da iska. Gishiri ba shi ke cin ƙarfe da kansa ba. Aikinsa shi ne ya mayar da ruwa mai saurin ɗaukar lantarki, sai haɗuwar ƙarfe da iska ta yi sauri ninkin-ba-ninkin. Wasu nau'o'in gishirin da aka ƙaro daga baya, masu aiki a tsananin sanyi, suna ma janyo laima daga iska, don haka ƙasan mota ba ya bushewa ko tana ajiye a gareji. Ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma, sai ta kumbura ta ɓare kamar ɓawon bishiya, ta buɗe sabon ƙarfe ga ruwa.

A nan siffar casis take da muhimmanci. Tsohon casis mai baki a buɗe yana tara laka, amma ana ganinsa, ana iya wanke shi, iska na busar da shi. Casis mai kama da akwati, wanda aka rufe ta ko'ina, ya fi ƙarfi wajen hana mota murɗewa, shi ya sa kamfanoni suka karkata gare shi. Amma idan ruwan gishiri da yashi suka shiga ta ramukansa, ba su da mafita. Daga ciki suke ci. Sai ka ga fenti baƙi ƙirin a waje, ka sa guduma ka ƙwanƙwasa, ta zarce ciki. Wuraren da aka fi samun haka su ne inda sifirin na baya ke rataye, da gefen tankin mai, da ƙarfen giccin da ke riƙe da safayar taya.

Tun da wuri aka fara neman magani. A 1959 wani makaniki ɗan asalin Jamus mai suna Kurt Ziebart ya buɗe shago a Detroit, yana huda ƙofofi da lungunan mota yana fesa musu wani maiƙo mai hana ruwa zama. Sana'ar ta bazu ƙasashe da dama da sunansa. A shekarun 1960 Ford ya fara tsoma bodi cikin kwatamin fenti ana jan fentin da lantarki domin ya shiga kowane saƙo, aka kuma inganta dabarar a shekarun 1970. Sannan aka koma amfani da farantin da aka lulluɓe da tutiya, wadda ke sadaukar da kanta tsatsa ta ci kafin ta taɓa ƙarfe. Zuwa shekarun 1990 bodin mota ya daina ruɓewa kamar da. Amma shi casis, da yake ƙarfensa mai kauri ne kuma mai saye ba ya leƙawa, sau da yawa ɗan baƙin shafi kawai ake yi masa. Bodi ya samu tsawon rai, inji ya samu tsawon rai, aka bar ƙashin baya a baya.

Rigimar Toyota

Babu inda wannan giɓi ya fito fili kamar a kan kamfanin da ya fi kowa suna da ƙarko. Toyota ya fara ƙera Hilux a Japan a 1968. Amma tun 1964 Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin kaya da ake shigowa da su, a matsayin ramuwa ga harajin da Turai ta sa wa kajin Amurka. Har yau harajin kaji ake ce masa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Toyota ya koma ƙera akori-kurarsa a cikin Amurka. A 1995 ya fitar da Tacoma daga masana'antar NUMMI da ke Fremont a jihar Kalifoniya, wadda ya yi haɗin gwiwa da General Motors a kanta. Casis ɗin kuwa wani kamfanin Amurka ne mai suna Dana ke kawowa.

Motar ta karɓu ƙwarai. Amma bayan wasu shekaru masu ita a jihohin gishiri suka fara ganin ramuka a casis, wasu kuma makaniki ne ya ƙi ɗaga motar da jak don tsoron kada ta karye biyu. A watan Maris na 2008 Toyota ya sanar da cewa wasu casis na Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 ba su samu isasshen shafin hana tsatsa ba. Ya tsawaita garantinsu zuwa shekara 15, ko nawa motar ta yi tafiya, abin da ya shafi motoci kimanin 813,000. Wadda casis ɗinta ya huje, ya ce zai saye ta a kan farashinta na kasuwa da ƙarin rabi. Wato motar da ta kai dala 8,000 za a biya mai ita 12,000. Dubban motoci masu lafiyayyen inji aka karɓe ta haka aka fitar da su daga titi.

Magana ba ta tsaya nan ba. Aka faɗaɗa shirin zuwa ƙirar 2001 zuwa 2004, a wannan karon da sauya casis ɗungurungum. A Nuwambar 2009 aka yi kiran Tundra 110,000, ƙirar 2000 zuwa 2003, a jihohi 20 masu sanyi, saboda tsatsa na iya sa safayar taya ta faɗo a tsakiyar titi, ko ta taɓa bututun birki. A farkon 2011 Dana ya amince ya biya Toyota dala miliyan 25 domin a rufe maganar da ke tsakaninsu. A 2012 aka sake kiran Tacoma 150,000 kan matsalar mariƙin safayar taya.

Babbar shari'ar ita ce wadda masu motoci suka haɗu suka shigar a kotun tarayya da ke Los Angeles. A Nuwambar 2016 aka cimma sulhu wanda ya shafi motoci kusan miliyan 1.5: Tacoma ta 2005 zuwa 2010, Tundra ta 2007 da 2008, da Sequoia ta 2005 zuwa 2008. Toyota bai amsa laifi ba, amma ya yarda zai duba kowace mota kyauta har shekara 12 daga ranar da aka fara sayar da ita, wadda aka samu rami mai faɗin milimita 10 ko fiye a sauya mata casis. Lauyoyi sun ƙiyasta kuɗin sauya casis ɗaya a kan dala 15,000, jimillar sulhun kuma har dala biliyan 3.4. Kotu ta tabbatar da shi a 2017.

Ka yi tunanin aikin, mai karatu. A ɗaga kan mota da bodin baya sama, a sauke inji da giya da tanki da wayoyi da bututan birki, a gangaro da sabon tsani, a mayar da komai ɗaya bayan ɗaya. Aikin kwanaki ne ga ƙwararre, kuma sau da yawa kuɗinsa ya fi darajar motar. Wa'adin shekara 12 ɗin nan ya riga ya cika ga dukkan motocin, na ƙarshensu a wajajen 2022. Duk wanda ke riƙe da ɗaya yanzu, tsatsarta tasa ce.

Kada a ɗauka Toyota kaɗai abin ya shafa. Duk wata akori-kura da ta yi hunturu ashirin a Michigan ko Ohio, ta Ford ce ko ta Chevrolet ko Dodge, da wuya ta fita lafiya. Bambancin kawai, na Toyota ne ya kai ga lissafin biliyoyi a gaban alƙali.

Faci, ƙira ko dashe

To, mai tsohuwar motar da babu kamfanin da zai biya shi fa? Shekara da shekaru masu walda a waɗannan jihohi sun tsaya a kan hanyoyi uku.

Ta farko faci. Ƙa'idarsa ita ce ba a walda a kan tsatsa. Sai an bi ruɓaɓɓen wuri da giranda har an isa ƙarfe mai rai. Kafin a yanka komai, ana sauke tankin mai, a daidaita motar a kan matokarai, a auna casis daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, a tokare shi da ƙarafa don kada ya goce. Ba a yanka a miƙe daga sama zuwa ƙasa, domin duk nauyi zai taru a layi ɗaya ya tsage. A karkace ake yanka. Sabon ƙarfe ya zama kaurinsa ɗaya da na asali, sannan a ɗora wani faranti mai siffar lu'u-lu'u a kan mahaɗar domin ya raba nauyin. Saboda yawan bukata, har ƙananan kamfanoni suka taso suna yanko facin da ya dace da kowane samfuri, a sa shi kamar riga a bi da walda. Sai dai faci yana da iyaka. Idan tsatsar ta bi tsawon casis, facin nan zai riƙe, gefensa ya karye. Kuma ƙarfen manyan motoci da aka gasa domin ƙarin ƙarfi, zafin walda raunana shi yake yi, shi ya sa ake manna musu gargaɗin kada a huda ko a yi walda.

Ta biyu ƙira. Wannan al'adar masu son tsofaffin motoci ce, irin su Chevrolet ta 1947 zuwa 1955 da Ford F-100 ta 1953 zuwa 1956. Mutum ya sayi ƙarfe mai kusurwa huɗu, galibi inci 2 da inci 4, ya shimfiɗa shi a kan teburin ƙarfe mai daidaito, ya gina sabon tsani daga tushe. Wahalar tana wajen awo, domin kuskuren rabin inci a mazaunin sifirin ya isa ya sa mota ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya. Kamfanoni irin su Art Morrison na jihar Washington sun mayar da wannan sana'a, suna sayar da sabon casis wanda tsohon bodi zai hau daidai. A Ingila ma haka masu Land Rover suke yi. Tsofaffin samfuranta, tun daga 1948, bodinsu na alminiyam ne, ba ya tsatsa, amma casis ɗinsu ƙarfe ne. Don haka ake ƙera sabo a tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kimanin digiri 450, ciki da waje.

Ta uku dashe, wato a nemo casis mai lafiya daga wata motar. Nan ne jihohin hamada irin su Arizona da Nevada suka zama kasuwa, domin motar da ta tsufa a busasshiyar ƙasa fentinta ne ke ƙonewa, ƙarfenta na nan garau. Wasu ma sukan ɗora bodin shekarun 1950 a kan casis ɗin Chevrolet S-10, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 2004, su samu birki da sitiyari na zamani a kan araha. Amma akwai maganar doka: a motoci da yawa an buga lambar shaidar mota a jikin casis, don haka wanda ya sauya shi sai ya daidaita takardu. Dokokin jihohi kuma sun bambanta. A Pennsylvania da New York ana duba lafiyar mota kowace shekara, ruɓaɓɓen casis na iya hana ta hawa titi. A Michigan da Ohio, da ke tsakiyar ƙasar gishiri, babu irin wannan dubawa ta shekara-shekara.

Kammalawa

Tambayar da ta ratsa wannan tarihi ita ce wa zai biya. Hukuma ta watsa gishiri don ceton rai, kamfani ya rage shafi don rage kuɗi, mai mota na farko ya sayar kafin ramin ya bayyana. Nauyin yana gangarowa ne zuwa ga mai saye na ƙarshe, wanda galibi shi ne mafi ƙarancin hali.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Da yawan motocin tokumbo da ake saukewa a Legas da Kwatano da Lome daga wuraren gwanjon Amurka da Kanada suke fitowa, kuma cikinsu akwai irin waɗannan Tacoma da Tundra da Sequoia. A Kano ko Damagaram ba a watsa gishiri a titi, busasshiyar iskarmu kuma za ta rage wa tsatsa gudu, amma ba za ta dawo da ƙarfen da aka riga aka cinye ba. Sannan mu ne masu loda wa akori-kura abin da ya ninka ƙa'idarta, mu bi da ita hanyar da babu kwalta, wani lokaci da mutane a saman kaya. Mai saye yakan tsaya sauraron ƙarar inji, ya duba sanyin iyakwandishan, ya shafa fenti. Da zai ƙara da kwanciya ƙarƙashin motar da tocila da 'yar guduma, ya bi casis tun daga gaba har mazaunin sifirin na baya, da ya fi masa. Ƙarfe mai rai ƙara yake yi kamar ƙararrawa, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, gari na zubowa. Idan kuma ka ga an yi wa ƙasan tsohuwar mota sabon baƙin fenti mai kauri, to ka tambayi abin da ake rufewa kafin ka ƙirga kuɗinka.